Wa Ya Kwashe Yashin Kaka

Tun ranar da aka kai Kaka makwancinta nake zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina sauraron masu ta'aziyya, kuma na gano cewa mutuwa tana sa mutanen kirki su yi ƙarya da rana tsaka.

Wata mata daga layinmu na Tungan Maje ta shigo, ta durƙusa gaban Mama, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya. Baiwar Allah mai yarda da kowa." Mama ta ce amin. Ni kuwa ruwan da nake sha ta hanci ya fito. Wannan matar da idona na ga Kaka ta tsare ta a zaure ta sa ta zazzage jakarta saboda ƙaramin cokali ya ɓace. Daga baya a ɗaurin zanen Kaka aka samu cokalin, kuma ko a lokacin cewa ta yi wani ne ya soke mata shi don a ga kamar ta rikice.

Ogan Gwaggo na ma'aikata, wanda bai taɓa ganin Kaka ba sai a hoto, ya gyara babbar riga ya ce rashinta rashi ne ga ƙasa baki ɗaya. Wani dattijo ya ce ba ta sa wa kowa ido. Kaka da idonta ɗaya ne ke gani sosai, amma wannan ɗayan yana aikin masu gadi goma, ba ya hutun Asabar, ba ya na Lahadi.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, tsohon da ke kawo mata mazarƙwaila. Ya zauna a tabarmar maza kusa da Baba, ya ce, "Tun ina da baƙin gashi take kirana maha'inci, kuma ba ta taɓa saya a hannun wani ba. Yanzu wa zai zage ni ranar kasuwa?" Sai ya fashe da kuka. Shi kaɗai na kai wa ruwan sanyi da hannuna.

Shi ya sa na ce bari in rubuta Kakata yadda take, kafin masu ta'aziyya su gama mayar da ita wata mata daban da ban sani ba. Ni jikarta ce, 'yar ɗanta na fari, shekarata goma sha shida, kuma sunan da ta raɗa min shi ne Ɓera. Idan kun ga na yi wasa da ita a nan, ku yi haƙuri. Jika ce ni, da wasa muka saba, ban san wata hanyar yi mata magana ba.

Duk wanda ya san Kaka ya san biskit ɗinta na mazarƙwaila. Ita 'yar ƙasar rake ce daga wajen Maƙarfi, kuma ta koyi gashin tana amarya a Kaduna, a wurin matar wani kuku. Da kakanmu namiji ya samu aikin tuƙi a Abuja, abu biyu ne ta ƙi yarda a ɗora a bayan mota: Baba, wanda ke goye a lokacin, da ƙullin yashi daga rafin garinsu, wanda ta rungume a cinya. Baffa, autanta, yana cewa da direba ya ce sai dai a zaɓi ɗaya, da yanzu Baba yana Kaduna yana jira.

Ranar gashi sai ta farfasa mazarƙwaila, ta narka da ɗan ruwa har ya yi kauri yana bin ludayi kamar zuma, ta tace. Idan ya huce ta zuba man shanu da ƙwai da citta da kanumfari da kirfa da ɗan ruwan kanwa, sannan fulawa. Ta rufe kwaɓin ta tura shi gindin randa ya sha sanyi. Sai a mulmula kamar ƙwan zabo, a danna da gindin kofi. Can kuma babbar tukunyarta ta ƙarfe mai ƙafa uku tana kan wuta, yashin nan a cikinta yana ɗaukar zafi. Ta jera ƙananan duwatsu a kan yashin, ta ɗora faranti, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi. Idan ya fito sai ka gan shi ja mai duhu, fuskarsa a tsattsage kamar diddigen Baffa, gefe ƙaras-ƙaras, tsakiya da laushi. Ƙamshinsa kuwa, ina da yaƙinin direbobin da ke wucewa ta garin Zuba suna rage gudu saboda shi.

Abin mamaki, ba ta ɓoye kwaɓin. "Ku kalla, ku ƙoshi da kallo," in ji ta. "Kwaɓi ko akuya ta iya. Aikin yana cikin yashi." Yashin ya daɗe da daina kama da yashi. Ɗigon mazarƙwaila na shekara da shekaru ya ƙone a cikinsa, ya yi baƙi, ya yi laushi kamar gari, yana ƙamshi ko ba a kan wuta ba. Bayan kowane gashi sai ta tankaɗe shi da rariya, ta mayar cikin tukunya, ta rufe, ta ɗora turmi a kai. Ruwa bai taɓa shi ba tun kafin a haifi Gwaggo.

Aikina shi ne ɗaukar farantin da aka sauke daga madafi zuwa ɗakinta. Tafiyar ba ta da nisa, amma Kaka ta san abin da kan iya faruwa da faranti a hanya, don haka ta kafa doka.

"Ɗauki, ki riƙa waƙa."

Sai in ɗauka ina rera duk abin da ya zo bakina, na makaranta, na Islamiyya, har da na tallar sabulu. Da zarar murya ta ɗauke sai in ji daga madafi, "Ɓera! Me ya kashe rediyon?"

"Numfashi nake, Kaka."

"Zo ki yi numfashin a fuskata."

Kanumfari ba ya rufa wa mutum asiri. Ni dai ban taɓa sata ba. Ina rage wa faranti nauyi ne saboda kada ya faɗi.

Ba ni kaɗai take zargi ba, don haka ban taɓa jin haushi ba. Mai mazarƙwaila idan ya kawo kaya sai ta ɗaga curi ɗaya ta duba a rana, ta lasa, ta ƙwanƙwasa a kunne kamar mai sayen kankana, ta ce ya haɗa da sukari da jar ƙasa. Ya rantse, ta ce rantsuwar ma haɗi ce. Likita ya ce ta rage zaƙi, tana fitowa ta dubi Gwaggo ta ce, "Kin riga kin buga masa waya ko?" Ranar da Gwaggo ta ɗaga waya za ta ɗauki bidiyon gashi, Kaka ta kifa hijabinta a kan tukunya ta ce ba za a kai mata yashi intanet kowa ya ɗiba ba.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, babbar ma'aikaciya, mai son komai ya zama na zamani. Ta taɓa sayo wa Kaka oben na lantarki mai gilashi a gaba, ta ce, "Hajiya, a daina gasa abinci a kan ƙasa, ba tsafta." Kaka ta zagaya shi, ta buɗe, ta leƙa, ta ce abin da ba ya aiki sai an turo masa wuta daga wani gari ba abin yarda ba ne. Amma ta yaba murfinsa. A ciki ta riƙa ajiye zannuwanta na fita da turare, ta ce ɓera ba ya shiga. Tana faɗa tana kallona.

Akwai kuma matakalar zaurenmu. Tun ina ƙarama simintinta ya fashe, duk wanda ya taka sai ta yi ƙara, ƙwaras. Baffa yana sayar da kayan gini a Dei-Dei, siminti a wurinsa kamar gishiri ne, ya roƙe ta ya gyara har ya gaji. Ta ce a bar mata abarta. Daga ƙarar take gane mai shigowa da mai fita, har da wanda ya fita da nauyin da bai shigo da shi ba.

Sai dai ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk ranar gashi akwai waɗanda suka fashe, kuma fasassu ba sa shiga gwangwaninta, a murfin kwano take barinsu a kan taga, tana cewa na tsuntsaye ne. Tagar kuwa daidai tsayina take. Wata rana na dawo daga makaranta ido a kumbure, an karanta makin lissafina a gaban aji, na wuce ɗaki ban yi wa kowa magana ba. Ta kafar labule na hango Kaka ta ɗauki lafiyayyun biskit, ta waiga hagu da dama, ta sa babban yatsa ta farfasa su, ta zuba a murfin kwanon. Sannan ta ɗaga murya, "Yau wutar nan ta yi min ɓarna! Ban san tsuntsun da zai cinye wannan ba." Tsuntsun ya cinye, yana kuka yana ci.

Da ciwonta ya yi nauyi, wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, ta kamo kunnena ta jawo ni kusa.

"Ɓera, ranar sadakata kada ki bari su raba wa mutane biskit ɗin kanti mai ɗanɗanon kwali. Nawa za a yi. A tukunyata, a kan yashina. Ke na ɗora wa."

Na ce, "Kaka, ashe dai kin yarda da ni."

"Ban yarda da ke ba. Amma ke kwaɗayi zai sa ki cika alkawari."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Ita ce doguwar maganarmu ta ƙarshe.

Washegarin jana'iza na zagaya bayan madafi in duba tukunyar, don a ranar sadakar bakwai za a yi rabon. Turmi yana ƙasa, tukunya babu. Na fito tsakar gida, sai ga ta a kan murhu, cike da dafa-duka har baki, wata mata tana juyawa da muciya. Na ji kamar an sake yi min rasuwar.

Daga wannan lokacin kowa a gidan ya zama abin zargi a wurina. Na fara da Mama.

"Mama, ina yashin?"

"Wane yashi kuma? Ke ba ki ga baƙi ba? Tukwane sun ƙare, na ce a ɗauko waccan. Ban ce a zubar ba. Masu girki sun juye shi a gindin katanga, je ki kwashe."

Na ruga gindin katanga. Wurin a share tas, sai sawun shebur. Mama ba ta riƙe shebur, don haka na sa ta a gefe, amma ban sallame ta ba.

Na wuce wurin Gwaggo. Tana zaune cikin mata da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Na tsuguna na raɗa mata, "Gwaggo, ke da kika daɗe kina cewa yashin nan ƙazanta ne, ina kika kai shi?"

"Ke, uwata ce ta rasu, kina min tambayar 'yan sanda? Tashi ki ba ni wuri."

Na lura ba ta kalli idona ba. Na riƙe wannan.

Ina fita zaure na taka matakala, sai na ji shiru. Babu ƙwaras. Na duba ƙasa. Sabon siminti sumul, an kewaye gefensa da katako, kuma launinsa ba irin na siminti ba ne, ya yi duhu. Na durƙusa a gaban maza masu zaman makoki na kai hancina. Wani ya ce, "Allah sarki, yarinyar nan mutuwar ta taɓa ta." Kanumfari ne. Matakalarmu tana ƙamshin kanumfari.

Baffa yana gefe yana kankare farce. Na ce, "Baffa, da wane yashi ka kwaɓa?"

"Wanda na gani a gindin katanga mana. Mai laushi, ba ko tsakuwa. Na ce Allah ya kawo sauƙi, ba sai na aika Dei-Dei ba." Sai ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya isa kansa. Ya dafe hula ya ce, "Inna lillahi. Na Hajiya ne?"

Kafin la'asar an yi shari'a a ɗakin Mama. Baffa ya ce Gwaggo ce ta matsa masa, wai oganta zai zo, kada ya yi tuntuɓe a ce gidansu ba tsari. Gwaggo ta ce ita gyara ta ce a yi, ba ta ce a binne gadon uwarsu a ƙofar gida ba, kuma da Mama ba ta ba da tukunya ba da duk haka ba ta faru ba. Mama ta ce ita da ta ciyar da rabin Tungan Maje ba za a ɗora mata laifin shebur ba. Baba ya ce kowa ya yi shiru, babu wanda ya ji shi. Ruwan da aka kwaɓa simintin da shi kuwa, ba za mu shiga maganar wadda aka aika ta ɗebo ba, domin ba a gaya mata na mene ne ba.

Gwaggo ta ce ai ga oben. Muka kwashe zannuwan Kaka, Mama ta yi kwaɓi yadda ta saba gani, aka saka. Ana tsakiyar gashi aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita aka ƙarasa, abin da ya fito fari ne fat, yana warin turaren zani, kuma da Baffa ya gwada da haƙori sai ya ce a ba shi sauran ya kai shago, akwai masu neman bulo ƙanana.

Baffa ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Ya aiko da buhun yashi daga Dei-Dei, wai na farko-farko, wanda manyan 'yan kwangila ke rububi. Muka zuba muka hura wuta. Yashin a jiƙe yake. Ya fara tururi, ya fara fashe-fashe kamar ana soya gurguru, sannan wani wari ya tashi irin na kwata bayan ruwan sama. Mata masu zaman makoki suka fara tuna cewa sun bar girki a gida.

Da yamma na ga an shigo da katan-katan na biskit ɗin kanti an jera a zaure. Gwaggo ta dafa kafaɗata, wannan karon da taushi, ta ce, "Kin yi ƙoƙari. Sadaka niyya ce, Hajiya ba za ta sani ba." Na ce Kaka tana sanin abin da ke cikin rufaffiyar jaka, katan ne zai gagare ta? Na koma bayan madafi na zauna kusa da tukunyar, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Abu ɗaya ta taɓa ɗora min a duniya.

Ina nan sai na ji murya daga saman katanga. "Kai, Ɓera. Wane mushe kuke ƙonawa a gidan nan?"

Maƙwabciyarmu ce, wadda muke kira Maman Katanga, domin yawanci kanta kawai muke gani ta saman katanga. Kirista ce daga wajen Filato, tela ce, ta kusa sa'ar Kaka, kuma a Hausarta kowa namiji ne. Na gaya mata abin da ya faru. Kan ya nutse, sannan ya sake ɓullowa. "Zagayo."

Sai na gaya muku abin da ke tsakaninsu. Tun ina goye, wata Kirsimeti, Maman Katanga ta ari tukunyar da yashinta, lokacin suna ƙawaye sosai. Da ta dawo da ita Kaka ta leƙa ta ce yashi ya ragu. Ashe tun kafin aron Kaka ta yi zane da ƙusa a cikin tukunyar daidai inda yashin ya tsaya. Maman Katanga ta ce sharri ne. Aka yi faɗan da har mai unguwa ya shiga. Tun daga nan ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Amma duk Sallah sai Kaka ta miƙa kwanon nama ta saman katanga tana cewa, "A kai wa ɓarauniya," duk Kirsimeti kuma shinkafa da kaza su tsallako, "A ba mai sharri." Da mijin Maman Katanga ya rasu, Kaka ta yini tana gashi ta cika gwangwani ta aika, ta ce a gaya mata a dawo da gwangwanin.

Kuma duk Kirsimeti sai Kaka ta ɗaga hanci sama ta ce, "Ku ji. Yashina ne ke ƙonewa a gidan mutane." Mu kuwa mu ce, haba Kaka, tsufa ne. Baba har zagayawa ya taɓa yi ya ba matar haƙuri a madadinta.

Na shiga na same ta a ɗakin ɗinki. Ta rufe ƙofa, ta ja keken ɗinki gefe, ta durƙusa da ƙyar ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Ta buɗe. Baƙi, mai laushi. Ƙamshin ya bugi fuskata.

Na ce, "Mama! Ashe da gaske kin sata!"

"Kai, rufe baki. Ban sata ba. Ara na yi."

"Ta tambaye ki shekara da shekaru!"

"Ya tambaya da faɗa. Da ya tambaya da hankali da na ba shi." Ta goge murfin da gefen zani, ta daɗe tana gogewa. "Kullum ina cewa wannan Kirsimeti zan mayar, in ga fuskansa. Yanzu Hajiya ya tafi bai ba ni dama ba. Mugun mutum." Hawaye suka zubo mata, ta kawar da gwangwanin da sauri don kada su ɗiga a ciki.

Na ce yashin bai kai ya rufe gindin tukunya ba. Ta ce ita da ta yi shekaru tana gashi da ɗan wannan ta san dabara. A wanke yashin Baffa har ruwan ya fita fari, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a soya shi shi kaɗai a tukunya har warin ya mutu, sannan a shimfiɗa na Kaka a sama.

Haka muka yi. Baffa da kansa ya yi wankin yashi, babban ɗan kasuwa a tsugune gaban baho, yaran shagonsa suna leƙe. Ranar jajibirin sadaka da safe Maman Katanga ta shigo gidanmu ta ƙofa, abin da ban taɓa gani ba, rungume da gwangwani. Gwaggo ta dube ta, ta dubi gwangwanin, ta buɗe baki. Baba ya ce, "Kowa ya yi shiru," kuma a karo na farko a tarihin gidanmu aka ji shi.

Mai mazarƙwaila ya kawo kaya ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Na ɗaga curi ɗaya na duba a rana, don kada ya ji kewa. Mama ta yi kwaɓi. Gwaggo ta cire zobba ta zauna mulmula, nata duk suka fito kamar an auna da ma'auni. Maman Katanga ta karɓi wuta, tana kara bayan hannu a bakin tukunya, tana rage garwashi, tana ƙarawa, tana yi wa Baffa tsawa ya matsa da inuwarsa. Ni ina tsaye a kanta. Ba don komai ba, don dai a san ana kallo.

Maman Katanga ta ɗaga murfi. Ja mai duhu, fuska a tsattsage. Ƙamshin ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakuna, har wata tsohuwa cikin masu makoki ta leƙo ta kalli ƙofar ɗakin Kaka. Na ɗauki farantin na fara tafiya, kuma sai da na kai tsakiyar gida na lura ina tafiya shiru, ba wanda ya ce in yi waƙa. Na tsaya. Sai Gwaggo ta ce daga bayana, "Ɓera, me ya kashe rediyon?" Na rera ta tallar sabulu, ita ta zo bakina. Mama tana dariya tana share hawaye da bayan hannu mai fulawa.

Ranar sadaka aka raba biskit ɗin Kaka, kowa ya samu, har yaran layi suka zagayo sau biyu da sauya hula. Katan-katan ɗin Gwaggo aka kai makarantar Islamiyya, ba su yi laifin komai ba. Ban ce wanda muka gasa ya kai nata ba. Gefen ya ɗan fi ƙarfi, citta ta ɗan yi yawa. Amma mai mazarƙwaila ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ce, "Da tana nan da ta ce an rage man shanu an sayar." Kowa ya yarda wannan yabo ne.

Da Baba zai je maƙabarta ziyara na bi shi har bakin mota. Na ce, "Baba, idan ka je ka gaya mata ta yi gaskiya. Maganar yashin. Ka ce mun ba ta haƙuri."

Ya ce, "Addu'a ake yi wa mamaci, ba rahoto ake kai masa ba."

Na ce to. Da ya dawo ya zauna cire takalmi, bai dube ni ba, ya ce, "Na yi mata addu'a." Can ya ƙara, "Na kuma gaya mata."

Ya Allah, ga Kakata nan ta zo gare ka. Ka yafe mata zarginta, wanda ta yi daidai da wanda ta yi kuskure, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi, ka ba ta maƙwabtan da ba sai ta yi zane da ƙusa ba. Mu kuma ka kyautata namu zuwan.

Yashin yana cikin tukunya yanzu, na tankaɗe, na rufe, na ɗora turmi. Maman Katanga ta rantse a gaban Baba cewa duka ta dawo da shi, ta kifa gwangwanin ta bubbuga gindinsa kowa ya gani. Amma Lahadin da ta wuce, bayan sun dawo daga coci, ina shanya kayan makaranta, wani ƙamshi ya tsallako katanga. Citta, kanumfari, da wannan ƙaurin mazarƙwaila da sabon yashi ba ya bayarwa. Gwangwani biyu ne ashe.

Ban kai ƙara wurin kowa ba. Na ajiye bokiti, na jawo kujera gindin katanga, na zauna har aka sauke.